Tayoyin Sallamar Rabaran

Ku da kuke zuwa ku zauna a gaban shagona kuna jiran a sa muku iska a mashin, na san abin da kuke faɗa a bayana. Wai aikin Baba Ishaku ba aiki ba ne, a cire, a liƙa, a hura, shi ke nan. Wani cikinku har ya taɓa tambayata me ya sa nake zura hannu cikin kowace taya ina shafawa, alhali ga ƙusa nan a waje kowa yana gani. Ranar dariya kawai na yi masa. Yanzu da ciwon baya ya zaunar da ni, bari in ba ku amsar.

A hannun Baba Kuyet na koyi faci. Mutumin Kagoro ne, ya kafa rumfarsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan tun zamanin da jirgi ke zuwa. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: liba biyu na ɓamɓaro taya da aka ƙera da sifirin na tsohuwar mota, guduma, famfon hannu, rabin ganga na ruwa don neman inda iska ke fita, da wani tsohon fistan da muke zuba wa kananzir mu kunna wuta mu ɗora a kan faci har roba ta kama roba. Ba ya koyarwa da baki. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya ƙwace libar ya yi da kansa, kai kuma ka tsaya kana jin kunya.

Abu biyu ne kawai ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini. Na farko, kowane mai faci ya zama yana da shaidarsa. Shi nasa facin zagaye yake yankawa. Ni ya ce in riƙa cire ɗan yanki a gefe ɗaya, muna ce masa kunne, irin shaidar da ake yi wa kunnen akuya, don in wani ya dawo yana zagi wai aikina ya ɓalle, in buɗe in ga ko nawa ne. Na biyu, in mota ta faɗi har an rasa rai, aka kawo mana tayarta, komai kyanta, a sa wuƙa a tsaga gefenta a ba masu yin takalmi. Na tambaye shi dalili, ya ce tayar da ta sha irin wannan duka tana iya karyewa daga ciki ido bai gani ba. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma dai a tsaga."

Zamanin da na buɗe nawa shagon, zaɓen taya bai da wahala. Ka duba lamba, ka duba zanen ƙafa, ka sa. Daga baya yaranmu suka fara dawowa daga Abuja da motoci masu gudu, suna neman tayar nan mai faɗi mai siririn gefe, wadda in ka hango mota sai ka ce a kan rim take tafiya. Ba na kushe ta. Robarta na da laushi, tana kama kwalta, in ka shiga kwana da gudu ba ta sakin ka. Amma laushin nan shi ke sa ta cinye da wuri, siririn gefen kuma ba ya yafe rami, ramuka kuwa Allah ya ba mu su daga nan har Kwoi. Wasu tayoyin suna da kibiya a jiki, in ka juya su baibai, maimakon su watsar da ruwan sama sai su tara shi a ƙarƙashinka. Wasu an yi su ne don ƙasar ƙanƙara, zafinmu na watan Maris yana dafa su. Shi ya sa ni kafin in duba mota, mai ita nake tambaya: ina kake zuwa, wa kake ɗauka, kuma me kake gudu haka?

Wata shekara gab da Kirsimeti wani saurayi mai suna Zakka ya tsaya a nan da baƙar mota ƙirar Jamus. Ya zo gida hutu, ƙusa ta soke masa tayar gaba ta hagu. Ban taɓa riƙe taya mai kyau irin wannan ba. Zanen ƙafarta kamar ƙashin kifi, duk ya nufi gaba, kuma har da ɗan gashin roban nan da ke jikin sabuwar taya bai kakkaɓe ba. Na wanke cikin, na kankare, na yanka facina da kunnensa, na liƙa.

"Baba, ka yi shi da kyau fa," in ji shi. "Wannan taya orijina ne, ba irin na nan ba."

Na ce masa ya bi gangaren Kagoro a hankali. Ya yi dariya ya ce, "No wahala, Baba."

Kafin sabuwar shekara aka binne shi. Akwai wata kwana a gangaren da ke bayan Kagoro, hanyar Gidan Waya, dutse a dama, kwari a hagu. Nan motar ta bar titi da rana tsaka. Waɗanda suka je ɗauko ta sun ce sun tarar da ita a kwance, rim huɗu tsirara, an riga an kwashe tayoyin. Wannan bai ba ni mamaki ba, akwai masu bin hatsari kamar yadda ungulu ke bin mushe, su kwashe abin da ya tsira su kai kasuwa.

Damina biyu ta wuce. Wani ɗan kasuwar citta, Oga Danladi, wanda na daɗe ina yi wa manyan motocinsa aiki, ya zo da ƙaramar motar da ya saya wa kansa. Ya ce in duba masa ƙafa, mota tana ja hagu.

Na ce, "Kullum take ja?"

Ya ce, "Abin mamaki ke nan. Cikin gari lafiya lau. Sai na wuce Kagoro."

Na durƙusa na ga zanen nan na ƙashin kifi. Na ce a raina kamfani ai ba taya huɗu kaɗai ya yi ba. Na cire ta gaba ta hagu, na sauke ta daga rim, na zura hannu. Yatsana ya sauka a kan faci, ya zagaya, ya faɗa cikin kunnen. Ba facin ne ya fi tsorata ni ba, taya takan zagaya ta dawo, na sha gani. Abin da ya kama ni shi ne ƙafar. Oga Danladi ya ce ya fi shekara yana hawan tayoyin nan, ya je Kano ya je Fatakwal. Roba mai laushi irin wannan ya kamata ta yi sanƙo. Amma zanen na nan da zurfinsa, gashin roban na tsaye kamar jiya aka fito da ita daga leda.

Na gwada duk abin da na sani. Na tsoma su a ruwa, ba kumfa. Na danna gefe, ba kumburi, ba tsaga. Kibiya na kallon gaba. Ban sami laifi ko ɗaya da zan nuna wa mutum ba. Sai kawai na gaya masa gaskiya, cewa tayoyin Zakka ne, kuma ya bari in tsaga su.

Bai yi fushi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba Ishaku, jinin Yesu ya rufe ni. Mayar mini da kayana."

Na mayar. Kayansa ne. Rani ne a lokacin, ba ruwa, ba hazo, ba wata mota a gabansa. A kwanar nan dai ta bayan Kagoro aka tsinci gawarsa. Na hau mashin na tafi da wuƙa a aljihu, amma kafin in isa an riga ni, rim huɗu tsirara.

Daga nan na fara zura hannu cikin kowace taya. Shekaru suka tafi ban sake jin kunnen nan a inda bai kamata ba, har na fara cewa ƙila sun ƙare a wata jiha.

Sai lokacin ritayar Rabaran Yakubu ya zo. Shi ne limamin majami'armu, shi ya ɗaura mini aure, shi ya yi wa 'ya'yana baftisma, kuma lokacin da gari ya rikice shi ya ɓoye mutane a ɗakin ajiyar coci ba tare da ya tambayi addinin kowa ba. Mutumin Gwantu ne, can zai koma, amma zai riƙa zuwa Kafanchan ganin likita. Hanyarsa ke nan, ta Kagoro, ta Gidan Waya. Ikilisiya ta haɗa hannu ta saya masa mota ta hannu mai kyau, sai dai tayoyinta sun gaji. Aka naɗa kwamiti ƙarƙashin Dattijo Habila, tsohon hedimasta, mutum mai tsoron Allah da son a yi abu a fita kunya. Suka ce ba za a sallami bawan Allah da taya irin ta motar haya ba. A hanyarsu ta dawowa daga Abuja suka tsaya a Jere, suka ga wasu tayoyi a bakin titi suna sheƙi, suka ɗauko.

Ranar Lahadin sallama aka gangaro da su ta tsakiyar majami'a, kowace da jan ƙyalle a ɗaure, zumuntar mata na buga tulu suna waƙa. Aka jera su gaban bagadi, dattawa suka ɗora hannu, aka keɓe su cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowa ya ce amin. Ni ina layi na uku, ina kallon ƙashin kifi.

Washegari da safe suka kawo mini su, don a girmama ni a ce ɗan ikilisiya ne ya ɗaura. Dattijo Habila na tsaye, mutanen kwamiti na tsaye. Na zura hannu a ta farko, ba komai. Ta biyu, ba komai. A ta uku yatsana ya faɗa cikin kunnen.

Na ja Dattijo gefe na faɗa masa komai, daga Zakka har Oga Danladi. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Ishaku, ka ga wani lahani a jikinsu?"

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

"To, me kake so in gaya wa jama'a? In ce abin da aka keɓe a gaban Ubangiji jiya, yau ya fi ƙarfin addu'a? Iyayenmu sun bar tsafi da wahala. Kada ka dawo mana da shi ta ƙofar shago."

Maganarsa ba ta banza ba ce, har yau ban san amsarta ba. Na tsaya ina kallon tayoyin, ina tuna Rabaran a sitiyari, da gilashinsa a kan hanci, yana rera waƙa yana sauka gangaren nan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauki wuƙar faci na tsaga ta farko tun daga baki har ƙafa. Kafin su gane abin da ke faruwa na gama da ta huɗu, jan ƙyallen ma yana jikinta.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Majalisar dattawa ta sa ni ƙarƙashin horo, aka hana ni jibin Ubangiji, aka mayar da ni bencin baya kusa da ƙofa. Wasu suka ce haushi nake ji don ba a wurina aka saya ba. Wasu suka ce dama masu faci ba a rasa su da ƙulle-ƙulle. Motocin 'yan coci suka daina tsayawa, na koma facin keke da baro. Ranar da na yi ɓarnar na ɗauko tayoyi huɗu daga shagona, masu kaurin gefe, marasa kyan gani, irin na motar haya, na ɗaura wa motar Rabaran. Ba wanda ya ce na gode, ban kuma jira ba. Rabaran da kansa, a wa'azinsa na ƙarshe, ya yi magana a kan masu bangaskiya da baki amma zuciyarsu na rawa a gaban itace da dutse. Bai kira suna ba, amma rabin majami'a sai da ta waiwayo.

Kwamiti ya kwashe tsagaggun tayoyin ya kai gaban majalisa a matsayin shaida. Da aka gama shari'a aka watso mini su a ƙofar shago. Na ƙirga na ga uku. Na zura hannu cikin kowace, babu mai kunnen. Na tambaya, aka ce in ji da abin da ke gabana.

Ƙarshen damina ta gaba, wajen azahar, ina zaune ba aiki, sai ga ɗan acaba ya tsaya. A bayansa Rabaran Yakubu ne, tsoho mai shekara saba'in, rungume da taya a cinya, rigarsa duk baƙin roba. Ɗaya ce daga cikin nawa, ƙusa ta shige ta. Na karɓa na ba shi kujera.

Na ce, "Baba Rabaran, ina motar?"

Ya ce, "Tana bayan Kagoro. A kwana."

Ban tambaye shi wace kwana ba. Na ce, "Wace ƙafa?"

"Gaba, hagu."

"Ba ka da safaya ne?"

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce akwai. Wai mutanen kwamiti sun ji zafin a ce kyautar ikilisiya ta tafi duka a banza, sai suka zaɓi wadda tsagarta ta fi ƙanƙanta, suka kai wa wani mai faci ya ɗinke ya ƙona, aka sa ta a rim aka ajiye masa a but ɗin mota. Ya sani, bai ga laifin hakan ba. Shekara guda yana yawo da ita a bayansa.

"Da tayar ta sace," in ji shi, "na tsaya a gefe. Na fito da safaya na jingina ta a bayan mota. Na zaga gaba na sa jak, na kwance wannan, na ajiye. Na miƙe zan je in ɗauko waccan." Ya ɗago ya dube ni. "Ishaku, kai ka san taya. In ta gangara a kan tudu, tana tsayawa da kanta?"

Na ce, "Ba ta tsayawa, Baba. Ko ta faɗi, ko ta wuce."

Ya ce, "To, na juyo na same ta a tsaye kusa da ni, daidai inda za a ɗaura ta."

Na yi facin cikin gaggawa, har na manta ban cire kunnen ba sai da na sake yanka wani. Muka hau mashin biyu muka tafi. Motar na nan a kan jak, hancinta na kallon kwari. Tayar na tsaye a gefen ƙafar da babu komai, ba ta jingina da mota ba, ba dutse a ƙarƙashinta. Manyan motoci sun yi ta wucewa suna kaɗa ciyawa, ita ko motsi. Na ga ɗinkin da aka yi a kan tsagar wuƙata, an yi shi da kyau ƙwarai. Na tura ta da ƙafa ta kwanta, na cire bawul, na tsaya har iskar ta gama fita. Sannan na ɗaura tawa, na ɗaure notuna, na sauke jak.

Rabaran ya shiga mota ya riƙe sitiyari, amma bai tayar ba. Ya ce, "Na yi wa'azi a kanka."

Na ce, "Na ji, Baba. Ina bencin baya."

Ya ce, "Har yanzu ban ce ka yi daidai ba. Ban san me na gani ba. Amma hannuna ya ƙi ɗaura ta." Ya tayar, ya sauka gangaren a giya ta ɗaya, ina bin sa a mashin har ya wuce kwanar.

Bai taɓa faɗin wannan a gaban jama'a ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Lahadi ta gaba dai ya zo majami'armu a matsayin baƙo, aka shirya masa kujera a gaba, ya wuce ta ya zo ya zauna kusa da ni a bakin ƙofa. Ba a daɗe ba aka ɗage horon, motoci suka dawo a hankali. Dattijo Habila har ya rasu muna gaisawa, amma bai sake kawo mini taya ba.

Mai kunnen kuwa, cikon ta huɗu, a bayan mashin na ɗauro ta na kawo nan. Na yi tunanin ba masu takalmi kamar yadda Baba Kuyet ya koya mini, sai na ga ba na son ta taka titi ko a ƙafar mutum. Na yi tunanin ƙonawa, na ga hayaƙin cikin gari zai shiga. Sai na sayo siminti, na cika cikin dukansu huɗu, na haƙa rami na binne kowace zuwa rabi a tsaye a gaban shago, inda idona zai riƙa ganin su kullum.

Su ne waɗannan da kuke zama a kai kuna latsa waya. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, wandunanku sun goge su shekara da shekaru. In kun tashi ku shafa ƙafar ku ji, zanen na nan, gashin roban ma bai kakkaɓe ba. Awakin unguwar nan ba abin da ba sa hawa, har kan injin iskata, amma ban taɓa ganin ɗaya a kansu ba.

Rabaran Yakubu na nan da ransa, ya haura tamanin, jikansa ke tuƙa shi yanzu. Duk zuwan da zai yi asibiti sai ya biyo in duba masa ƙafa huɗu da ta but. Kun sha ganin sa, tsohon nan mai sanda da kuke tashi ku ce, "Baba, ga wuri." Yakan gode muku da murmushi, ya ce ƙafarsa ce ke son miƙewa. A tsaye yake jira har in gama.